Lokacin da Kyan Rubutun Hannu Yake Jari a Holan

A shekarar 1585 sojojin Sifen suka ci birnin Antwerp da yaƙi. Dubban 'yan Furotesta suka tattara nasu ya nasu, suka nufi biranen arewa irin su Amsterdam da Rotterdam. Cikinsu har da malaman makaranta masu gwanintar alƙalami. Daga nan ne rubutun hannu ya samu zamaninsa na zinariya a Holan.

To, me ya sa aka damu da shi haka? Kasuwanci ne. Holan ƙasar fatake ce, kuma a 1602 aka kafa kamfanin VOC mai safarar kayan yaji daga Asiya. Kowace yarjejeniya, kowane lissafi, kowace wasiƙa da hannu ake rubutawa. Yaron da hannunsa ya faɗa yana iya samun aikin akawu.

Har gasa aka yi a Rotterdam wajen 1590, Felix van Sambix ya zo na ɗaya. A 1605 Jan van den Velde ya fitar da littafinsa “Spieghel der Schrijfkonste”, wato madubin fasahar rubutu, cike da haruffa masu lanƙwasa da ado. Mata ma ba a bar su a baya ba: Maria Strick ta wallafa nata littafin a 1607. Rembrandt kansa ya zana hoton wani malamin rubutu, Lieven van Coppenol.

Amma fa wannan rabin labarin ne. A makarantun lokacin, karatu ake fara koyarwa, rubutu sai daga baya, kuma kuɗinsa ya fi yawa. Shi ya sa talakawa da dama, musamman mata, suka iya karatu amma ba su iya rubutu ba. Shaidar haka tana nan a Landan, inda aka adana wasiƙun 'yan Holan kusan 40,000 da Ingilishi suka ƙwace daga jiragen ruwa lokacin yaƙe-yaƙe. Masu bincike sun gano cewa wasu daga cikinsu, wani ne ya rubuta wa mai saƙon.

Ke nan idan ka kalli tsohuwar takarda, hannun da ke kanta yana iya gaya maka wanda ya samu makaranta da wanda bai samu ba. Matsalar yau ita ce, yawancin 'yan Holan ba sa iya karanta rubutun kakanninsu, sai da horo na musamman. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasar ta yi amfani da manhajar Transkribus domin kwamfuta ta karanta takardun VOC.