Sunayen Duwatsunmu Tarihi Ne, Kada Mu Bari Su Ɓace

Ran nan a aji na rubuta "Dogondoutchi" a allo, na tambayi yara ma'anarsa. Aji ya yi tsit. Sai da na raba kalmar biyu, Dogon Dutse, sannan dariya ta ɓarke. Hausarsu ce, amma rubutun Faransawa ya sa mata rigar da ba su gane ta ba.

Sunan dutse yakan daɗe fiye da gari, fiye da sarauta. Dubi Dala a Kano. Tarihin Kano ya nuna sunan wani mutum ne da ya zauna a kan dutsen, kakan Barbushe, tun kafin zuwan Bagauda wajen shekarar 999. Dutsin-Ma a ƙasar Katsina, mutanen garin na cewa sunan wani maharbi ne, Ma. Jihar Jigawa ta samo sunanta daga tuddan rairayi, hedikwatarta kuma Dutse. Bahaushe bai haɗa dutse da tsauni da tudu da fa da jigawa a kalma ɗaya ba, domin kowanne da irin ƙasarsa da amfaninsa ga manomi da makiyayi.

A arewa, Abzinawa na kiran dutse "adrar". Shi ya sa ake da Adrar Bus a Nijar, da Adrar na Ifogas a Mali, wato dutsen kabilar Ifogas. Tsaunukan da taswira ke kira Aïr, Hausawa na ce musu Azbin, daga nan muka sami kalmar Ba'abzine. Can ne Bagazam yake, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar ta kai mita 2,022.

Mu nan Bune muna cikin duwatsun Muniyo, ƙasar Mangawa. Nan ne tsohuwar fadar Muniyoma kafin Koso ya mayar da ita Gure, inda Bajamushe Heinrich Barth ya same shi a 1852. Duwatsun nan su ne garkuwar kakanni lokacin hare-hare, kuma sunayensu da yawa da Barbarci aka raɗa su. Yau ƴaƴanmu Hausa suke yi a kasuwa, Faransanci a lakwal. Yaro zai faɗi sunan dutsen da yake kiwo a gindinsa, bai san abin da yake faɗi ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A Sikotilan, masu zana taswira sun rubuta sunayen tsaunuka na harshen Gelik da kunnen Turanci. "Beinn Mhòr", wato babban dutse, ya koma Ben More. Tsaunukan da ake kira Cairngorms, daga sunan wani shuɗin tsauni guda, asalin sunansu "Am Monadh Ruadh", jajayen tsaunuka. Da harshen ya ja baya, sai ja ya koma shuɗi.

Saboda haka, ƴan'uwana malamai, mu ba kowane ɗalibi aikin gida: ya je wurin kakansa ya tambayo sunan dutse ɗaya, da harshen da aka raɗa shi, da dalili. A rubuta shi yadda bakin tsohon ya furta, ba yadda taswira ta rubuta ba. Iyaye kuma, in kun fita gona da yaro, ku nuna masa dutsen ku faɗa masa sunansa. Dutsen ba zai gusa ba, amma tsofaffin da suka san ma'anar sunansa kullum raguwa suke yi.