Tarihin Gwagwarmayarmu Da Turanci: Daga Katsina Zuwa Kakuri

Yau batunmu Turanci ne, wannan darasi da ya hana ɗalibai da yawa shiga jami'a. Ka zaga Kakuri, Makera, Barnawa ko Sabon Tasha, za ka samu matashin da ya ci lissafi da kimiyya a WAEC, amma yana zaune a gida saboda bai samu kiredit a Turanci ba. To, daga ina wannan matsala ta faro?

A 1909 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Da Hausa aka fara koyarwa a can. Sai da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921 sannan aka ɗauki Turanci da muhimmanci, ana horar da ɗalibai lafazi da nahawu sosai. A 1938 aka dawo da kwalejin nan Kaduna, inda su Malam Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi karatu, kafin a mayar da ita Zariya a 1949. Ita ce Barewa ta yau.

Ku lura da wani abu. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare, shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Abubakar Imam, ɗan makarantar nan ta Katsina, shi ya rubuta Ruwan Bagaja, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Waɗannan mutane sun riƙe harshensu gam, kuma a kansa suka ɗora Turancin.

A nan kudancin kogi, masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 da sauran masaƙu sun jawo ma'aikata daga ko'ina. Bajju, Atyap, Gbagyi, Tibi, Ibo, Yarbawa, duk aka zauna unguwa ɗaya. Yaro ya tashi da yaren gida, da Hausa a layi, da broka a kasuwa. Turancin littafi shi ne na huɗu. Amma da ya shiga aji, sai a ci shi tara don ya yi "banakula". Daga nan kunya ke shiga, yaro ya yi gum, kuma wanda ba ya buɗe baki ba zai taɓa iya harshe ba.

Alhali kurakuran suna da dalili. A Hausa muna cewa na tafi, zan tafi, ina tafiya, wato wakilin suna ne ke ɗauke da lokaci. A Turanci aikatau ɗin kansa ke sauyawa: go, went, gone. Muna "jin" magana, muna "jin" wari, muna "jin" yunwa, shi kuwa Bature kowanne da kalmarsa. Malamin da ya bayyana wa ɗalibi wannan da Hausa ya rage masa rabin wahala.

An ma gwada. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci shirin koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi. Yaran ba su gaza a Turanci ba, sun ma yi fice.

Don haka ƙannena, ka riƙa karanta shafi ɗaya kullum da babbar murya. Kalmar da ta shige maka duhu ka rubuta ta da ma'anarta a Hausa, ka sa ta a jimla. Mu kuma da muka gama jami'a, mu ware yammacin Asabar mu zauna da 'yan unguwa masu shirin WAEC, ba dariya, ba tara.

Ku faɗa mana, a makarantarku nawa ake cin tarar banakula? Sai mun haɗu a shiri na gaba.