Ramin Djawadi

Ramin Djawadi mai tsara kiɗan fina-finai da shirye-shiryen talabijin ne. An haife shi ranar 19 ga Yuli, 1974, a birnin Duisburg na ƙasar Jamus. Mahaifinsa ɗan Iran ne, mahaifiyarsa kuma Bajamushiya. Ya kammala karatu a Kwalejin Kiɗa ta Berklee da ke Boston, Amurka, a 1998, sannan ya yi aiki a kamfanin mai tsara kiɗa Hans Zimmer.

Shi ya tsara kiɗan shirin Prison Break (2005) da fim ɗin Iron Man (2008). Ya fi shahara da kiɗan shirin Game of Thrones (2011 zuwa 2019), wanda ya ba shi lambar yabo ta Emmy a 2018 da 2019.