Baƙo da Ɗan Gari a Tafkin Kainji: Tarihin Yawon Buɗe Ido a Bakin Ruwa

Maƙasudinmu a wannan takarda shi ne mu bi diddigin yadda Tafkin Kainji da dajin da ke maƙwabtaka da shi suka zama wurin da baƙi ke zuwa shiga jirgin ruwa da fatsa da yawon daji. Abin da muke so mu nuna wa mahalarta wannan taro kuwa shi ne, waɗannan abubuwa uku da ake kira shaƙatawa sana'o'i ne na mutanen wurin tun kafin a yi tafkin, kuma tarihin gandun bai cika ba in ba a dubi yadda aka raba baƙo da ɗan gari a kansu ba.

Ba don shaƙatawa aka datse Kogin Kwara ba. Wutar lantarki ake nema, sai kuma sauƙin zirga-zirgar jiragen kaya da noman rani da kamun kifi. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya aza harsashin madatsar a 1964, aka gama gininta a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, sa'an nan Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a watan Fabrairu na 1969. Da ruwa ya taru sai ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, ya miƙe tun daga madatsar har zuwa wajen Yelwan Yawuri. Mutum wajen 44,000 aka tasa daga ƙasar Borgu da ta Yawuri, aka sake musu matsuguni.

Bari mu fara da jirgi, domin shi ne abin da ya fi jan hankalin baƙo. Duk wanda aka zaga da shi cikin jirgi mai inji ya ga ruwa shimfiɗe ba iyaka, da wuya ya san abin da ke ƙarƙashinsa. A can ƙasa tsohon birnin Bussa yake, wato hedkwatar sarakunan Borgu, tare da duwatsun cikin kogi inda Bature ɗan yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806. A wannan gari ne Kyaftin Clapperton ya sauka a 1826, daga nan ne kuma Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin a 1830 har suka tabbatar da cewa a teku yake zubawa. Har ila yau ruwan ya shanye mafi yawan tsibiran da Gungawa ke zaune a kai, ciki har da babban tsibirin Foge. Sunan Gungawa ma daga kalmar gungu ya fito, watau tsibiri. Mutane ne da suka shahara da noman albasa a gaɓar kogi, suna ɗebo ruwa suna ba ta da rani, kuma a wurinsu kwalekwale kamar jaki yake a wurin Bakano: da shi ake zuwa gona da kasuwa da gidan suruki. Da aka mai da su tudu, aka zuba su cikin gidajen siminti iri ɗaya da hukuma ta gina, sai aka raba su da gaɓar da suka sani da kuma gajeriyar hanyar da suke tsallakewa da sanda da filafili.

Tafki ba kogi ba ne. Faɗinsa a wani wuri ya haura kilomita 20, iska tana tayar da igiyar ruwa irin wadda ƙaramin kwalekwale ba ya iya jurewa, ga kututturan itatuwan da ruwa ya rufe suna jiran jirgi a ɓoye. Saboda haka aka koma ga manyan jiragen katako masu inji, waɗanda akan cika maƙil ranar kasuwa. A watan Mayu na 2021 wani irin wannan jirgi da ya nufi Wara ta ƙasar Ngaski ya nutse, mutum fiye da 100 suka salwanta. Muna ambaton wannan ne domin ruwan da ake sa wa baƙo rigar kariya kafin ya hau shi, shi ne dai ruwan da ɗan gari ke tsallakewa kullum ba tare da ita ba.

Sha'anin su ya fi wannan sarƙaƙiya. Tun kafin madatsa akwai Sarkawa, masunta na gado waɗanda asalinsu ke komawa ga Sorko na daular Songhai, suka biyo kogi ta ƙasar Kabi, daga baya suka zama masu magana da Hausa. Da tafki ya cika, ciyawa da ganyen da ruwa ya rufe suka ruɓe suka zama abincin kifi, sai kifi ya yi ambaliya, musamman faliya. A farkon shekarun 1970 kamun shekara guda ya kai wajen tan 28,000, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa suna kafa tunga a bakin ruwa. Amma wannan yalwa ba mai ɗorewa ba ce, kuma haka lamarin sababbin tafkuna yake a ko'ina: kafin ƙarshen shekarun nan kamun ya faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na wancan. Da kifi ya ragu sai idon raga ya ƙara ƙanƙancewa, aka shiga jan dala don kama warangi, ita kuwa dala ba ta barin 'ya'yan manyan kifaye. Cibiyar binciken tafkin da aka kafa a Sabuwar Bussa a 1968, wadda ta zama ta nazarin kifin ruwan daɗi ta ƙasa baki ɗaya a 1987, ta daɗe tana fama da wannan matsala, haka kuma shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na shekarun 1990.

To, a cikin wannan hali ne ake tallata wa baƙo fatsar giwan ruwa. Shi babba guda yake nema, a ɗauke shi hoto da ita, in ya samu ya yi murna, in bai samu ba ya sha iska. Basarke kuwa da kalli da birgi da mamari yake fita, abin da ya kamo shi ne tuwon dare. Ba mu ganin laifin mai fatsa, domin ƙugiyarsa ɗaya ba ta rage kifin tafki da kome. Abin lura dai shi ne, duk wanda ya san inda giwan ruwa ke kwana masunci ne, shi ke tuƙa baƙon ya kai shi wurin, amma a takardun tallar gandu da wuya a ambace shi.

Saura yawon daji. A 1979 ne gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi doka mai lamba 46, ta haɗe gandun namun daji na Borgu da ke yamma da tafkin da na Zugurma da ke gabas, suka zama Gandun Ƙasa na Tafkin Kainji, na farko irinsa a Nijeriya. Faɗinsa murabba'in kilomita 5,340 ne, kusan kashi uku cikin huɗu a ɓangaren Borgu. A da, baƙi kan shiga ta wajen Wawa da rani, bayan ciyawa ta faɗi, su sauka a masaukin bakin Kogin Oli, ma'aikacin gandu ya kai su ganin dorina da kada da gwanki da kanki da mariya da ɓauna. Galibi a mota ake zagayen, tafiyar ƙasa kaɗan ce, kuma ba a yin ta sai da ɗan rakiya.

Akan kwatanta wa baƙo wannan daji kamar wanda ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa takawa ba. Wannan kuskure ne. Gaskiya ne mutane ba su yi yawa a cikinsa ba, saboda ƙudan tsando da kuma ƙudan da ke kawo makantar bakin kogi. Amma ta ƙasar nan ce hanyar fataken goro ta bi, daga Kano zuwa Gwanja, ta Yawuri da Bussa da Wawa da Kayama da Nikki, ayari da jakuna da madugu a gaba. Maharba sun san kowane mashaya, Fulani sun san kowane burtali, masu cire zuma da masu tsintar kaɗanya da ɗorawa sun san kowace bishiya. Da aka shata iyaka, tafiyar da waɗannan ke yi ta zama laifi mai tara ko ɗauri, ta wanda ya yanki tikiti kuwa ta zama abin maraba. Ba ma musun cewa namun daji na bukatar kariya. Giwayen da aka san Borgu da su a shekarun 1970 sun ɓace duk da dokar. Tambayarmu ita ce ko kariyar da ba ta ba maƙwabcin daji rabo ba za ta iya samun mai tsaronta a cikinsu.

Daga wajen 2020 rahotanni suka yawaita cewa 'yan bindiga sun sami mafaka a cikin ɓangaren Borgu, baƙi suka ɗauke ƙafa, ƙauyukan gefen gandun kuwa su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Waɗanda suka ga tsohuwar Bussa da Foge da idonsu yanzu sun haura shekara sittin, kullum raguwa suke yi. Muna ba sassan tarihi da na harsunan Nijeriya shawara su tura ɗalibai Yawuri da Wara da Shagunu da Sabuwar Bussa, su ɗauki maganar waɗannan dattawa a faifai, da sunayen tsibiran da suka nutse da na mashigai da na kifayen da aka daina gani.