Yadda mita ta shigo garejinmu

Gardama ce da ba ta ƙarewa a garejojin Talata Mafara: tsofaffin kanikawa sun ce ido ya isa gane wutar mota, yaran zamani kuwa sai sun ɗauko mita. Tushen maganar na da nisa. Bajamushe Georg Ohm ne ya fitar da lissafin turjiyar da waya ke yi wa lantarki a 1827, ma'aunin ya ci sunansa. Wajen 1910 Charles Kettering na Amurka ya haɗa tsarin batir, kwayil da kwantak, mitar AVO kuma ta fito a Ingila a 1923.

Mu nan, Fijo ce malamarmu. An fara haɗa ta a Kaduna a 1975, lokacin da kamfanin Impresit ke tsakiyar gina madatsar Bakolori, sai 504 ta mamaye hanyar Gusau zuwa Sakkwato. In ta ƙi tashi, bakanike ya zare wayar fulogi, ya kai ta kusa da jikin inji, ya ce wa yaronsa ya murɗa makulli. In wutar shuɗiya ce, lafiya lau. In ta yi ja-ja, a goge kwantak, a duba kwandansa. Gwajin nan ya ciyar da gidaje da yawa, bai kamata a raina shi ba.

Wasu na cewa ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau ne suka kawo mita gareji, wasu su ce kwamfutar gwajin mota ce. Ni ban yarda ba. Motocin Beljiyam ne, waɗanda suka kwararo ta Kwatano bayan karyewar naira a 1986. Galibinsu ba su da kwantak, na'urar lantarki ke sarrafa wutar, kuma barin tartsatsi yana tsalle sakaka kan iya ƙona ta. Asara ce ta koyar da mutane. Da mita kuwa, naɗin farko na kwayil kan nuna om 0.5 zuwa 2, na biyu 6,000 zuwa 15,000, gwargwadon ƙirar mota. Sai dai wani kwayil kan ci gwaji da sanyi, ya gaza in ya ɗau zafi, a nan tsofaffin ke da gaskiyarsu.

Iyayen gida na Mafara, Bakura da Maradun, kada ku yaye yaro bai iya karanta mita ba.