Na'urar Harwell da Ladubban Farfaɗo da Tsohuwar Kwamfuta

Ma'abota sana'ar gyaran tsofaffin kwamfutoci sun daɗe da sanin cewa ranar kammala gyara ita ce ranar fara jarrabawa, domin sau da yawa na'ura takan ƙi tashi bayan an sauya mata duk abin da ake zaton ya lalace, sai mai gyara ya koma bincike tun daga tushe. Ladubban wannan sana'a sun bayyana sarai a tarihin na'urar Harwell ta ƙasar Ingila, wadda ta fara aiki a shekarar 1951 a cibiyar binciken makamashin nukiliya ta Harwell, domin ta ɗauke wa masana wahalar hisabin da suke yi da hannu.

Nauyinta ya kai tan biyu da rabi, kuma tana ajiye lambobinta cikin kwalaben gilashi 828 da ake kira Dekatron, waɗanda a cikin kowannensu akwai ɗan haske mai zagaya matsayi goma, har mutum yakan tsaya ya karanta lambar da idonsa yayin da lissafi ke gudana. Ba ta da sauri, amma takan yi kwanaki tana aiki ba mai tsaronta. A 1957 aka ba da ita ga kwalejin fasaha ta Wolverhampton, inda ɗalibai suka yi ta koyo da ita har 1973. Daga nan ta zauna a gidan tarihi na Birmingham, bayan an rufe shi a 1997 kuwa aka kwance ta aka jibge a ma'ajiya. Sai a 2009 aka kai ta gidan tarihin kwamfuta na Bletchley Park, inda masu aikin sa kai, ƙarƙashin jagorancin Delwyn Holroyd, suka shafe shekara uku suna yi mata hidima kafin ta sake aiki a Nuwamba 2012.

Wanda bai san sana'ar ba zai yi mamakin wannan jinkiri, alhali kuwa ƙa'idar masu gyara ita ce ba a sakar wa na'urar da ta daɗe a ajiye wuta gaba ɗaya, saboda kafasitocinta kan raunana da zama, in aka gaggauta sai su fashe su jawo wata ɓarnar. Sukan fara da sashen wuta, su auna shi da mita shi kaɗai, sa'an nan su riƙa haɗa sauran sassan ɗaya bayan ɗaya, suna kankare tsatsa daga mahaɗai, suna duba kowane ɗigon dalma. Idan kuwa na'ura ta yi shiru bayan gyara, abin da suke fara tuhuma shi ne wurin da hannunsu ya taɓa a ƙarshe, watau wayar da aka juya ko dalmar da ba ta kama ba, domin a galibi illar takan ɓuya ne a inda mai gyara ya fi amincewa da aikinsa.