Tarihin Maɓallin PrtSc da Abin da Ya Shafe Mu

Mu da muka koyi kwamfuta a shagunan buga takardu na Ƙofar Sauri a Katsina, mun daɗe muna ganin wani maɓalli a saman kibod mai suna PrtSc. Mukan danna, mu ga shiru, mu ɗauka ya lalace. Ashe aikinsa ne ya sauya.

Maɓallin ya zo da kwamfutar IBM ta 1981. A lokacin, in an danna shi, rubutun da ke fuskar kwamfuta yake turawa firinta ya fito a takarda. Kafin nan, mai son adana abin da ya gani sai ya saita kyamara a gaban allo. Da Windows ta zo, sai maɓallin ya koma kwafar hoton a ɓoye, sai an buɗe Paint an manna sannan a gani. Shirun da ya ruɗe mu ke nan. A 2007 Windows Vista ta zo da Snipping Tool, mai yanko iya wurin da ake so. Daga Windows 8 ta 2012, haɗa maɓallin Windows da PrtSc yana ajiye hoton da kansa. Masu Mac kuwa Command da Shift da 3 suke haɗawa.

To me ya haɗa wannan da marubuci? Magabatanmu takarda ta riƙe musu aiki. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ɗalibin Kwalejin Katsina, ya fito daga gasar 1933, kuma har gobe yana hannun mutane. Mu kuwa a gidan aro muke rubutu. Zaurukan Hausawa na Yahoo, irin su Finafinan Hausa da aka buɗe a 2001, sun tara muhawarori masu yawa. A ƙarshen 2019 kamfanin ya share abin da aka tara a zaurukansa, a Disambar 2020 ya rufe su ɗungurungum. Wanda bai kwashe nasa ba, ya rasa.

Yau labaranmu suna Facebook da WhatsApp da Wattpad, inda ake satar labari a sauya sunan mai shi. Ranar da rigima ta taso, sikirinshot mai ɗauke da suna da kwanan wata shi ne shaidar farko. Sai dai mu sani, shaida ne, ba rumbu ba. Ana iya yi masa kwaskwarima, kuma ba a gyara labari a cikin hoto.

Saboda haka duk babin da muka saki, mu ɗauki hotonsa a ranar, suna da kwanan wata su fito. Asalin rubutun kuma mu ajiye shi a Word, mu tura wa kanmu ta imel. Ganuwar Katsina ma ta zaizaye, balle shafin da ba namu ba.

Allah ya ƙara mana basira. Sai mako mai zuwa.